Imel yana daɗewa kafin ya fita daga kwamfuta

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar gida ce mai Windows 10, ina amfani da manhajar imel ta Thunderbird da adireshin Gmail. Saƙonni na shigowa nan take, amma in na danna aikawa sai abin ya tsaya, wani lokaci har minti uku. Da MiFi nake hawa intanet, kuma bidiyo na buɗewa lafiya lau. Ina gizo yake saƙar?

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Malam, buɗewar bidiyo ba hujja ba ce, wannan saukewa ce. Saƙo mai fita da ƙarfin ɗorawa yake tafiya, shi kuwa galibi ya fi rauni. Fara aika wa kanka layi ɗaya tak, kar ka maƙala komai. In ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, to nauyin fayil ne.

Ga lissafin. Fayil ɗin da aka maƙala wa imel yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya bisa uku, saboda sai an mayar da shi haruffa kafin a tura. MB 10 zai koma 13 da ɗoriya, wato wajen megabit 107, tunda MB ɗaya megabit 8 ne. In ɗorawarka megabit 1 ce a daƙiƙa, kusan minti biyu ke nan. Sannan Thunderbird na sake ɗora kwafi zuwa akwatin Sent, aiki biyu, alhali Gmail na ajiye nasa da kansa. Shiga Account Settings, sai Copies & Folders, ka cire alamar da ke kan "Place a copy in". In OneDrive ko Google Drive na kwasar hotuna a lokacin, dakatar da su.

Ɗan Fagge:
Na gode. Na cire, manyan sun yi sauƙi. Amma ko layi ɗayan sai ya jima a kan "Connecting to smtp.gmail.com" kafin ya motsa.

Injiniya:
To wannan ba nauyi ba ne, wajen ƙulla hanya ne. Duba Outgoing Server, wato saitin sabar da ke fitar da saƙo a Thunderbird, ka ga lambar ƙofa (port) da tsarin tsaron da aka haɗa ta da shi: ko dai 587 da STARTTLS, ko 465 da SSL/TLS, kar ka gauraya su. In 25 ka gani, canza shi, kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza.

Buɗe PowerShell, wato manhajar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:
Test-NetConnection smtp.gmail.com -Port 587

In ya nuna True ba ɓata lokaci, hanya lafiya take, sai a zargi antibairos. Wasu na tare saƙo su bincika kafin su sake shi. Kashe ɓangaren binciken imel kaɗai, ba dukkansa ba, ka sake gwadawa.

In kuwa gwajin ma ya ja lokaci, mai yiwuwa kwamfutar na fara neman IPv6 ne, wato sabon tsarin adireshin intanet, sai ta gaji da jira ta koma tsohon tsarin, IPv4. A Config Editor na Thunderbird, wato wurin saituna masu zurfi, nemo network.dns.disableIPv6, mayar da shi true, ka rufe manhajar ka sake buɗewa. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kana gwadawa, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba.