Neman shawara: canjin giyabos zai rage wa Golf 3 shan mai?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da Golf 3 mai inji 1.8, giya biyar ta hannu. Rabin zirga-zirgata cikin garin Kano ce, daga Kurna zuwa Sabon Gari, sauran kuma hanyar Zariya da Kaduna. A giya ta biyar, in ina gudun 100, agogon inji yana haura 3,000. An ce min in sa giyabos ɗin Golf mai shan gas, wato dizal, wai juyin injin zai sauka, shan mai ya ragu. Tun da aka cire tallafi a 2023 kuɗin mai ke cin aljihu. Masana, in saya ko in haƙura?

Bakaniken giya: Wa alaikumus salam Malam. Maganar da aka gaya maka tana da tushe, amma a yi lissafi kafin ka fitar da kuɗi.

Golf 3 mai 1.8 tana amfani da giyabos ɗin da Volkswagen ke kira 020. Abu biyu ke yanke juyin inji a kan hanya: rabon haƙoran giya ta biyar, da na babban haƙorin da ke juya shaf ɗin tayoyi. Taya 185/60 R14 tana juyawa wajen sau 918 a minti ɗaya a gudun 100. Mu ɗauka babban haƙorinka 3.94 ne, giya ta biyar 0.85. Ka ninka su da 918, za ka samu wajen 3,075, kusan abin da kake gani. In aka mayar da ta biyar 0.75, zai sauko wajen 2,700. Lambar da aka buga a ƙasan jikin giyabos ɗin ita za ta nuna ainihin rabon naka, sai a duba ta tukuna.

Juyi ya ragu da kashi 12 cikin ɗari, amma shan mai ba zai ragu haka ba, don iskar da motar ke tsagawa da nauyin da take ja suna nan yadda suke. Ko a ce ka samu kashi 5. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 ta rage ƙasa da rabin lita ke nan, wato wajen lita ɗaya daga Kano zuwa Kaduna. Cikin gari kuwa, tsakanin 'yan adaidaita sahu da gosulon Bata, yaushe ka taɓa shiga giya ta biyar? Can babu ribar ko sisi.

In har doguwar hanya ta fi yawa, kada ka sauke giyabos gaba ɗaya. A 020 giya ta biyar tana can ƙarshe, bayan murfin da ke kallon tayar gaba ta ɓangaren direba, ana canza ta giyabos na jikin mota. A ɗaga mota, a cire tayar, a tsiyaye man giya, a kwance murfin. Haƙora biyu ne, tare ake canza su, ba a haɗa sabo da tsoho. Kafin a kwance cokalin da ke tura giyar, a auna inda yake zaune a mayar da shi daidai wurin, in ba haka ba giyar za ta riƙa fita da kanta ko ta ƙi shiga. A duba zoben tagullar da ke daidaita shigar giya, in ya cinye a sa sabo, a sa sabon gasket. Man giya kusan lita 2 ne, 75W-90 mai lamba GL-4. Kada a zuba GL-5, ba ya shiri da tagulla. A kuma kula da malalar mai, don in man ya yi ƙasa giya ta biyar ce ke fara ƙonewa.

Dillalin kayan gyara, Kofar Ruwa: Ƙari kan bayanin oga. Ba duk 020 ke shiga juna ba, ko da a ido iri ɗaya ne. Sandar da ke shiga faifan kuloci akwai mai tsaga 24, akwai mai 28, kuma haƙoran giya ta biyar ma sun bambanta a tsakaninsu. Bakin da shaf ke ɗaurewa akwai mai milimita 90, akwai mai 100. Ka zo da lambar giyabos ɗinka, in da hali har da tsohon faifan kuloci a gwada. In ɗan Beljiyam za ka saya, a zuba ɗan man cikinsa a farin kwano: in ka ga yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, bar shi. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce kafin ka biya.

Ɗaya kuma, na TDI, wani nau'in Golf mai shan gas, ba 020 ba ne, 02A ne. Kulocinsa na mai ne, sandar giyarsa da waya take aiki. Sa shi a motarka na nufin sabon kuloci da faifan bayan inji da sitata da kayan feda da maɗauri. Kuɗin ya wuce abin da man zai taɓa mayar maka.

Direban Kano zuwa Kaduna: Ni dai ban goyi bayan a ja giyar da yawa ba. Injin 1.8 doki 90 ne in ya yi yawa, wani ma 75. Mutum biyar da kaya a but, ga A/C, ka zo hawa, mota za ta riƙa nishi a giya ta biyar, dole ka danne totur ko ka koma ta huɗu. Abin da ka tara ya tafi. Kada a yi ƙasa da 0.75.

Mai wayarin: Malam, kafin a taɓa giya, tamostat na cikin motar? Yawancin motocin garin nan an cire shi, an haɗa fanka kai tsaye, wai maganin zafi. Na Golf yana buɗewa ne wajen digiri 87, allurar zafi ta tsaya a 90. In babu shi, injin ba ya kai zafinsa, sansar ruwa tana gaya wa kwamfutar motar har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara mai. Haka in sansar salansa ta mutu ko an yanke wayarta. Zare fulogi ɗaya ka duba: in bakinsa ya yi baƙi da busasshen toka, mai na yi wa injin yawa. Iyakilina kuma ƙurar hunturu na toshe shi da wuri, a ɗaga shi a rana, in haske ba ya ratsawa a canza. In an mayar da motar kafireto, sai a fara da saitinsa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gaskiya fankata na tashi ne da na murɗa makulli, allurar zafi kuma ba ta kai rabi.

Bakaniken giya: To ga bakin zaren. A mayar da tamostat da makunnin fanka na jikin lagireto, a wanke lagireton. A sa iskar taya daidai da abin da ke rubuce a jikin motar, da safe kafin taya ta yi zafi. A ɗaga kowace taya a juya ta da hannu, in birki na riƙewa ko boris na ƙara a gyara. Sannan ka cika tanki maƙil, ka mayar da mitar tafiya sifili, ka je Kaduna ka dawo a gudun 90 zuwa 100, ka sake cikawa a famfon da ka fara. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Ka yi haka kuma na mako guda a cikin gari. Turo mana sakamakon biyun tare da lambar giyabos ɗin, sai mu ga ko 0.75 za ta biya kuɗinta.