An taɓa min birenbos ɗin Corolla, yanzu ta fi shan mai

Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Corolla ce 2010 mai injin 1.8, tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake neman yadda zan rage shan man ta, sai wani rewaya ya ce zai jona kwamfuta ya sake mata saitin birenbos, wato kwamfutar motar da ke sarrafa injin, wai za ta ƙara ƙarfi kuma ta rage shan mai. Na biya aka yi.

Gaskiya ta ƙara ja kaɗan in na taka totur, amma fa da safe in na tayar sai ta dinga karkarwa a silo, salansa na warin ɗanyen fetur, bakinta ya yi baƙi ƙirin, ga wutar cek, wato wutar gargaɗin matsalar inji, ta kama. Da aka sa na'ura sai ta nuna P0172, wato man ya fi iska yawa. Mun canza fulogi, mun wanke sensan iska, shiru.

Abin haushin, mutumin bai ajiye saitin asali ba kafin ya goge. To ana iya mayar da na kamfani ne, ko dole sai na sayi wani birenbos ɗin na Beljiyam? In na canza, makullina zai tayar da ita ko shi ma sai an sake haɗa su?