Hunturun bana ya tasa latas ɗina a gaba, ku ya kuka yi da naku?

Mai Lambu, Aboabo: Assalamu alaikum. Kwami shida gare ni na latas da albasa a bayan gida. Tun Disamba, in na yi ban ruwa da hantsi, kafin azahar sun yi yaushi, bakin ganyen kamar an kara masa wuta. Na ƙara kashin kaji, abin ya ma fi da lalacewa. Wa ya taɓa ganin haka?

Hajiya, Asawase: Wa alaikumus salam. Ɗana, takin ne ya ƙarasa su. Shukar da ke jin ƙishi ba a ɗura mata ɗanyen kashin kaji, gishirinsa zuƙe ruwan saiwa yake yi. Haka na ƙone alefuna bara. Yanzu tara shi nake, ina yayyafa ruwa ina juyawa, sai ya yi wata 2 ya daina wari. Ban ruwa kuma bayan asuba da bayan la'asar, a gindi, ya jiƙa ƙasa sosai.

Baba Direba: Ku mutanen Kumasi wannan kuke kira hunturu? Ku zo Tamale ku gani. Amma gaskiyar Hajiya ce. Ni dai rufe ƙasa ne ya cece ni, ko da yake na sha wuya kafin na gane. Buhu 3 na garin katako na ɗebo daga Sokoban, kasuwar katako ta Kumasi, na turbuɗe shi cikin kwami. Kabejina ya koma rawaya, ya tsaya cak. Ashe wajen ruɓewa garin katakon yana cinye naitirojin ɗin da shuka ke ci. A sama ake shimfiɗa shi, kaurin yatsa biyu, kada ya taɓa karan. Busasshiyar ciyawa ma ta fi shi. Tura yatsa ƙasa da yamma, za ka ji sanyi.

Maman Biyu, Tafo: Tumatirina a buhunan shinkafa yake. Fure ya dinga zuba, 'ya'yan kuma gindinsu ya yi baƙi, na ɗauka cuta ce har na sayi maganin feshi. Ashe ban ruwana ne ba tsari: yau in cika, gobe in manta. Na daidaita, na yi musu rumfa da ganyen kwakwar manja, sabbin 'ya'yan lafiya lau.

Mai Lambu, Aboabo: Allah ya saka. Na kwashe takin yau, ciyawa kuwa akwai. Yaya Maman Biyu, rumfar nan tsayinta nawa? Kada latas ɗin ya rasa rana ya zanƙale.

Maman Biyu, Tafo: Daidai ƙirjina, kuma na bar gefen gabas a buɗe.