Ciwon suga a gidanmu, gado ne?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Kakata, mahaifina, yanzu kuma ƙanwata mai shekara 19, duk ciwon suga. Yarinyar siririya ce, ko lemon kwalba ba ta sha. Kullum na ga tana huda yatsa da asuba sai hankalina ya tashi. 'Ya'yana ma za su gada?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba ta lafiya. Akwai nau'in da ake kira MODY: canji a ƙwayar gado guda ɗaya ke hana jiki fitar da isasshen insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Yakan bayyana kafin shekara 25, kuma mai shi, kowane ɗansa yana da rabin yiwuwar gada. In canjin a ƙwayar gadon da ake kira HNF1A yake, sau da yawa 'yar ƙwayar maganin suga da ake kira sulfonylurea ta wadatar, ba sai allurar insulin ba. Na ƙwayar gadon GCK kuwa sugan ɗan hawa kawai yake yi.

Inna Ladi: 'Yata, don Allah kada ta ajiye allura a kan zato. Ciwon suga nau'i na 1 ma matasa sirara yake kamawa. Ku faɗa wa likita tarihin gidan, gwaji ne zai raba gardama.

Uwar Biyu: Na gode Inna. Ranar Litinin da ni za a je.