Ruwan kanal ɗin bayan ɗakinmu yana canza kala da dare, wai wa ke da alhakin hana kamfanoni ne?

Ɗan Gwari Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min da bayani. Ni ɗan kasuwa ne, kayan gwari nake saidawa a Mile 12, shekarata tara a Legas, ina haya ta wajen Ojota kusa da ruwan nan da Yarbawa ke cewa Odo Iya Alaro. Bayan ɗakinmu akwai wani kanal da ke gangarawa cikinsa, toh wlh abin da ke ban mamaki da rana ruwan baƙi ne dai irin na kwata wanda kowa ya saba da shi, amma in na tashi wajen ƙarfe uku zan tafi kasuwa tarar motocin tumatir, wani lokacin in haska tocila sai in ga ya koma ja, wata rana shuɗi kamar an juye baba, wata rana kumfa ce fara har ta hau kan gadar katakon da muke tsallakawa, ga wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Ruwa dai ba ya tsami banza. Masu gidan sun ce daga kamfanonin sama yake zuwa kuma ƙarshensa lagun yake shiga, wato babban ruwan nan na Legas da ke haɗe da teku. Abin da ya sa na damu, matata kusan kullum kifin lagun ɗin take saya da ƙaguwa wajen matan da ke yawo da shi a tire, yara kuma suna sonsa. Shin akwai dokar da ta hana kamfani sakin irin wannan ruwan? In akwai wa ake kai wa ƙara? Ko kuwa tunda teku zai shiga shikenan ya wanke?

Tsohon lebura Ikeja:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kai ka gani daga waje, ni daga ciki na gani. Na yi shekara shida a wani kamfani, ba zan faɗi sunansa ba, kuma abin da ka ce na ƙarfe uku ɗin nan shi ya ban dariya don ni ma na taɓa zama mai buɗe bawul ɗin. Muna da injin tace ruwa fa, babba, da tankoki uku da wani inji mai hura iska cikin ruwan yana ta tafasa kamar ana dama kunu, an yi masa fenti tsaf, duk baƙon da ya zo nan ake fara kai shi. Amma injin nan sai da wuta awa 24, wuta kuma ka san labarinta, in an ɗauke sai janareto, dizal kuma manaja ya ce ba zai ƙona shi kan ruwan da za a zubar ba. Ga kemikal ɗin da ake zubawa don dauɗar ta kwanta shi ma kuɗi ne. To sai a tara ruwan a tanki tun safe, in dare ya raba a buɗe wani bututu da ke zagaye injin ya faɗa kwata kai tsaye. In aka samu ruwan sama kam ranar sallah ce, duka tankokin ake juyewa don ba mai ganewa.

Ranar da masu duba za su zo kuwa mun sani tun ana jibi. A kunna inji, a share wurin, a ba mu safar hannu sabuwa fil a leda, a ɗibi sampul a kwalba ruwa garau, su rubuta su tafi. Bayan la'asar a karɓe safar a mayar sito. Ban ce duka kamfanoni haka suke ba, akwai wanda abokina ya yi aiki shi ya ce nasu injin ba ya mutuwa don masu kamfanin daga waje ake turo musu masu bincike, amma namu dai haka na bar shi.

Malama Kimiyya:

Malam ɗan gwari doka kam akwai, har ta yi yawa ma. Bari in ɗan ja zancen daga baya. A 1988 aka gano wasu 'yan Italiya sun jibge durom durom na shara mai guba, sama da tan 3,000, a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, lokacin mulkin Babangida. Kafin nan ƙasar ba ta da wata hukumar muhalli tsayayya. Abin kunyar nan ne ya sa a shekarar aka kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya, aka kuma yi dokar shara mai guba wadda hukuncinta ɗaurin rai da rai ne. A 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta ce kowane kamfani dole ya girka na'urar tace ruwansa kafin ya sake shi, aka kuma yanka iyakar abin da aka yarda ya rage a cikin ruwan. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, ita ce ke riƙe da aikin yanzu a matakin tarayya, tana da ƙa'idoji daban daban na masaƙu da majemu, na kamfanonin abinci da lemo, na masu kemikal da magunguna, har da na kare gaɓar teku da aka yi a 2011. Ku a Legas kuma kuna da LASEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, tun 1996, kuma gsky ita ta fi kusa da kai, tana rufe wurare in ta ga dama.

Matsalar a ganina lissafi ne kawai. A dokar 2007 yadda aka fara rubuta ta, kamfanin da aka kama yana sakin abu mai guba tararsa ba ta wuce naira miliyan ɗaya, sai dubu 50 duk ranar da ya ci gaba. Ka tambayi yayanmu tsohon lebura nawa suke ƙona dizal a wata. Mai kamfani ba mahaukaci ba ne, in tara ta fi dizal araha tarar zai zaɓa, balle ma kafin a kama shi sai an sha wuya.

Sai maganarka ta cewa teku zai wanke, nan ne nake so ka tsaya ka ji da kyau. Lagun ba teku ba ce. Wuri ne da ruwan daɗi na koguna irin su Ogun ke haɗuwa da ruwan gishiri da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa, shi ya sa da damina ruwan kan yi salam, da rani gishiri ya hau, har ka ga kainuwar da ta toshe hanyar jiragen Ikorodu ta bushe ta mutu da kanta. Ƙofar fita ƙarama ce, ruwan ba ya gudu kamar kogi, tekun ya turo shi ciki ya ja shi waje ya sake turowa. Kuma akwai wani abu, lakar da ruwan daɗi ya ɗauko da zarar ta gamu da gishiri sai ta dunƙule ta kwanta ƙasa, su dalma da zaiba da sauran ƙarafa masu guba kuma a jikin lakar nan suke maƙalewa. Kenan wurin ya zama kamar rariya, dauɗar garin gaba ɗaya nan take taruwa. Kuma nan ɗin ne dai 'ya'yan kifi da na jatan lande ke girma kafin su fita teku.

Ruwa mai kala ma ba lalle shi ne mafi sharri ba. Na kamfanin giya ko na abinci ba guba a cikinsa sosai amma ƙwayoyin da ke cin dauɗar suna shanye iskar da ke cikin ruwa, da asuba ka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki. Mai ƙarfe kuwa wani lokacin garau yake ba kala ba wari. Ka taɓa jin Minamata a Japan? Kamfanin Chisso ne ya dinga sakin ruwa mai zaiba a gaɓar garin, kyanwoyi suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa, sai masunta da 'ya'yansu, jiki na karkarwa, ido na raguwa, ana haihuwar yara da nakasa. A 1956 aka gano cutar amma sai 1968 gwamnatinsu ta fito ta ce kamfanin ne, shekara 12 ana ja-in-ja mutane na cin kifin. Ban ce lagun ɗin Legas ta kai nan ba fa, kar a ce Malama ta ce. Amma da ni ce uwargidanka zan rage wa yara ƙaguwa da duk abin da ke kwana cikin laka, kuma ka sani dahuwa ba ta kashe ƙarfe, ko ka soya shi ya ƙone yana nan.

Direban tirela:

Hmm Malama duk naji bayaninki amma ku yan boko kullum a rufe a rufe. Kin san Kakuri a Kaduna? Da masakun nan na aiki kwatar Makera kala kala take gudu zuwa kogin Kaduna kowa na korafi, yau masakun sun mutu ruwan rini ya tsaya, mutum dubbai sun koma gida ba aiki wasu har suka mutu ba'a biyasu hakkinsu ba. Wanne yafi? Kamfanin da ke fama da wuta da haraji da canjin dala kizo ki kara masa wani kudin ai sai ya kwashe ya koma wata kasar. Mu talakawa ciki muke nema tukunna.

Bakanon Sharaɗa:

Direba ai ba masu duba ruwa ne suka kashe masaƙun Kakuri ba, wuta ce da atamfar waje da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, kar mu ɗora wa wanda bai ci ba. Kuma masuncin Makoko, unguwar nan ta kan lagun a Legas, shi ma ai ciki yake nema, ko shi ba talaka ba ne?

Ni abin da ya ja ni na sa baki, ɗan gwari yana can yana tsoron kifin Legas, bai san wani latas ɗin da kabejin da muke ci a gida ma da irin ruwan nan ake ban-ruwansu ba. Mu a Kano ba mu da teku amma muna da namu. Challawa da Sharaɗa da Bompai, nan majemun zamani suke. Kakanninmu da bagaruwa da toka da kashin kaji suke jima, wari ne kawai zai dame ka, su kuwa na zamani da sinadarin kuromiyam suke yi shi ya sa fatar ke fitowa shuɗiya-shuɗiya kafin a rina ta. Ruwan Sharaɗa ya bi Salanta ya shiga kogin Challawa, ga Tamburawa can gaba inda ake tace ruwan famfo. Na Bompai ya bi Getsi ya haɗe da Jakara ya tafi dam ɗin Wasai ta wajen Minjibir, kuma duk tsawon hanyar nan 'yan lambu ne jere da injin ban-ruwa. Na taɓa tsayawa wajen wani dattijo yana jan ruwan, tiyo na aman kumfa a kan kwamin alayyafo, ƙafafunsa duk sun yi fari sun tsattsage, na ce baba ruwan nan fa? ya ce yaro ai shi ya fi taki, ganye har sheƙi yake. Me zan ce masa, da rani ba shi da wani ruwan.

Kuma namu in ka bi shi kogin Haɗeja yake shiga, ya wuce fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe ya nufi tafkin Chadi, ba wata ƙofar fita teku ko ƙarama. Tun ina yaro ake maganar a yi wa majemun wurin tace ruwa guda ɗaya babba kowa ya turo nasa ya biya kuɗi, wanda a ganina shi ne amsar maganar direba, don ƙaramin kamfani ba zai iya shi kaɗai ba amma goma in sun haɗu za su iya.

Malama Kimiyya:

Bakano ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi, amma shi ma babban wurin sai an riƙe shi. A Bangaladash an tashi majemun Hazaribagh daga cikin Dhaka a 2017 aka mayar da su Savar don a haɗa su da wurin tacewa guda, wurin bai iya ɗaukar ruwan yadda ya kamata ba sai wani kogin kuma ya fara karɓar dauɗar. Wanda ya yi kyau shi ne kogin Thames na Landan, a 1957 an ce ya mutu ba abin da ke rayuwa a wani sashensa, aka gyara wuraren tace ruwan bayan gida aka matsa wa kamfanoni, yau kifi sama da iri 100 ke cikinsa. Amurka ma sai da kogin Cuyahoga ya kama da wuta a 1969 sannan suka yi dokarsu ta 1972, wadda ta ce duk bututun da ke zuba a ruwa sai da lasisi, kamfani ya dinga auna ruwansa yana kai rahoto, kuma mutumin gari na iya maka shi a kotu da kansa.

Wani abu da na manta, NESREA ba ta da hurumi kan harkar man fetur da gas, dokarta ta cire su, malalar mai wata hukuma ce daban, NOSDRA, ke kula da ita. Shi ya sa maganar Neja Delta daban take, can ne rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Ɗan gwari kai dai abin da za ka yi, ka dinga ɗaukar bidiyo da waya kana rubuta rana da lokaci, ka yi kamar sati uku. Kar ka je kai kaɗai, ku haɗa da masu gidajen layin da shugabannin unguwa da Sarkin Hausawan wajenku a rubuta takarda a sa hannu a kai LASEPA, kwafi ɗaya ofishin NESREA, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Kuma dan Allah kar ka sa hannu cikin ruwan don ɗibar sampul.

Tsohon lebura Ikeja:

Ku rubuta a takardar cewa su zo da dare kuma kar su sanar. Su duba bayan katanga ba cikin gida ba. In suka ce a nuna musu rasit ɗin kemikal na wata shida da inda ake kai lakar da injin ke fitarwa, nan za a ji manaja ya fara in-ina, don injin da ke aiki dole ya tara laka.

Ɗan Gwari Mile 12:

Allah Ya saka da alheri Malama, yaya lebura na gode, Bakano kai kuma ka sa yau na kasa cin latas. Jiya da daddare na ɗauki bidiyon farko, ƙarfe 3:20, ja ne wannan karon amma tocilar wayata ba ta da ƙarfi bai fito sosai ba, zan ari ta mai gadin layinmu. Na yi wa mai gidan magana ya ce su ma sun taɓa kai ƙara shekarun baya aka yi wata biyu ruwan bai canza kala ba sannan abin ya dawo, amma ya yarda zai sa hannu in na kawo takardar. Matsalata yanzu uwargida, na ce a daina sayen ƙaguwa ta ce to in ƙara kuɗin cefane don kifin kwali ya yi tsada. Malama shi kifin kwalin da tarwadar da ake kiwo a tanki fa, su ma akwai magana a kansu ne ko in bar ta ta saya?