Muhawara: fim ɗin masu garkuwa da mutane, faɗakarwa ko tallar ɓarna?

Malam Sani, Mabera, Sakkwato: Salamu alaikum 'yan uwa. Kan fim ɗin nan da ake ta turawa ta waya, na ɗan sandan da ke farautar ubangidan 'yan bindiga bayan an sace ɗiyar wani ɗan kasuwa. Ra'ayina a taƙaice: wanga fim ya mai da ɓarawo gwarzo. Duk sa'ad da ubangidan zai fito sai a sa mai kiɗa mai tashe, ga rawani, ga bindiga a kafaɗa, ga babura a jere bayanshi. Ɗan sanda kuwa kullum a gajiye, motarshi ba mai. Yaro ɗan shekara 14 da ya kalla, wa kuke jin zai so ya zama?

Nasiru, Arkilla: Allah gafarta Malam, ban yarda ba. Kafin a yi fim ɗin yaranmu sun daɗe suna kallon Bello Turji a bidiyo yana magana da bakinshi. A watan Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka mutu. A Disamba aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Ba a jira wani darakta ba. Abin da na yaba shi ne yadda aka nuna infoma: mai kai burodi da katin waya daji, wanda ke sahun gaba a masallaci, shi ke gaya musu wa ya sayar da shanu ranar kasuwa. Wannan darasin ya fi huɗuba goma shiga kai.

Hajiya Inno, Runjin Sambo: Nasiru ɗana, maganar infoma gaskiya ta. Amma ni ban iya ƙare shi ba. Wurin da sunka kira uban yarinya ga waya suna dukanta don ya ji kukanta, nan na kashe. An taɓa ɗauke ƙanen maigidana, mu munka riƙa amsa irin wagga waya cikin dare. Masu fim sun nuna dukan, sun nuna jini har ga bango, amma ba su nuna gidan da anka bari ba. Ina uwar da ta bar cin abinci? Ina gonar da anka sayar rabin kuɗi, da bin dangi gida gida ana haɗa kuɗin fansa, bayan an kai kuma a ce sai an ƙaro babur da fetur? Yarinyar ma ko sunanta ba a kira sau biyu ba, shi ko ɓarawo har labarin ƙuruciyarshi anka ba mu.

Nasiru: Allah Ya kiyaye gaba, Hajiya. Wannan kam ba ni da ta cewa.

Aminu Mai Kyamara: Ni ta fuskar aiki zan yi magana. Ɗaukar hoton dare ta yi kyau ƙwarai, musamman inda fitilun babura ke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin gero, babu kiɗa, sai haushin karnuka. Gabana ya faɗi. Sautin harbi ma an gyara. Amma daga tsakiya labarin ya saki hanya, kisa ya zama abin cike gurbi: marubuci ya rasa abin faɗi, sai a harbe wani. Ƙarshen kuma ƙarya ne. Ɗan sanda ɗaya da ƙaramar bindiga ya shiga daba ya gama da kowa? Mutumin Isa ko Rabah ba zai karɓi wannan ba.

Malam Sani: To kun gani. Shi ya sa a 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Mu ma haka ya dace.

Barista Hadiza: Malam, da girmanka, hani bai tsayar da komai ba. A 2021 ɗin aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu ta Sakkwato, mutanen gari suka rasa yadda za su kira agaji, sata kuma ba ta tsaya ba. Fim da ke YouTube wa zai tare shi a bakin Kwannawa, mashigar garin Sakkwato? Ni abin da nake so, a sa iyakar shekaru, masu gidajen kallo su daina barin ƙananan yara shiga, sannan masu shiryawa su je sansanin 'yan gudun hijira su zauna da zawarawa kafin su rubuta kashi na biyu.

Malam Sani: Iyakar shekaru a wayar da yaro ke riƙe da ita cikin ɗaki? Wa zai duba, Barista?

Hajiya Inno: Ni dai in za su yi na biyu, su zo in haɗa su da kishiyar yayata, wadda har yau ba ta ga gawar mijinta ba. Ta ce za ta yi magana in dai ba za a nuna fuskarta ba.