adhE da adc sun ƙi tashi a qPCR: abin da masu aiki da Clostridium a Sakkwato suka gani

Ɗalibin digiri na biyu: Assalamu alaikum malamai da yayye. Aikina kan bakteriyar Clostridium acetobutylicum ce, irin ATCC 824, mai yin asiton da butanol da itanol kusan 3:6:1. Da maɗin rake ake kiwonta a digiri 37. An ɗebi samfur a awa 12 da 24 da 48, amma RT-qPCR, gwajin da ke auna yawan RNA (saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa in tana aiki), bai nuna farkawar adhE da ctfA da adc, ƙwayoyin gadon da ke sa a yi asiton da butanol, ba. Duk wanda ya gamu da haka ya taimaka, Allah ya saka.

Malama mai koyar da ilimin ƙananan halittu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a zargi inji, a tabbatar ƙwayoyin gadon suna nan. Su ukun, har da ctfB, ba a kan kuromosom suke ba, suna kan filasmid ɗin pSOL1, wani zoben DNA na daban, mai tsawon kusan kb 192. In ana ta dasa bakteriyar daga kwalba zuwa kwalba mako bayan mako, sai ta yar da shi. Alamarsa ba ta ɓuya: tana girma lafiya, tana zuba asid, amma ba asiton, ba sifowa (ƙwayar ajiya mai jure zafi da bakteriyar ke yi) a madubin ƙara girma. A yi PCR na yau da kullum, gwajin ninka DNA, kan adc daga DNA. In ba layi a jel, wato adc ba ya nan, a koma ga sifowan ajiya, a dafa su minti 10 a digiri 80, a sanyaya, a shuka sabo. Mun gani sau da yawa a nan, musamman inda firiza ba ta da tabbas har ɗalibai suka koma dasawa don kada iri ya mutu.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Gaskiya ne Malama, amma ko filasmid na nan, bin agogo yana yaudara. Bakteriyar nan zango biyu take yi. Da farko asid ɗin asetik da butirik take zubawa, pH (ma'aunin tsami) ya yi ta sauka, sai ya kai ƙasa da 5 sannan ta juya ta fara janye asid ɗin tana yin butanol. Tashin adhE da ctfA a daidai wannan juyin yake, kuma tsakanin awa 12 da 24 sai a tsallake shi gaba ɗaya. A riƙa auna pH da kaurin ruwan duk awa 2, a ɗebi samfur tun pH na sauka, da lokacin da ya tsaya, da bayan ya ɗan ɗago.

Ga kuma matsalar garinmu. A Afrilu da Mayu ɗaki kansa yakan wuce digiri 40 da rana, inkubeta kuwa mai ɗumamawa ce kawai, ba ta sanyaya. Ka saita 37, kwalba ta haura. Sai asid ya taru da sauri fiye da yadda ƙwayar za ta iya juyawa, aiki ya tsaya cak da sauran sukari a ciki. A sa ma'aunin zafi cikin kwalbar ruwa kusa da samfur, kada a yarda da lambar da ke jikin ƙofa. Ƙara amoniyam asiteti a abincinta yana riƙe pH, kuma saukar da zafi zuwa 34 yana rage wannan faɗuwar.

Wata mai digiri na uku: Nawa ƙarin kan RNA ne. Na bakteriya cikin 'yan mintuna yake rugujewa, kuma da an buɗe kwalba iskar oksijin ta shiga, ƙwayoyin gadon da bakteriyar ke karantawa sun canza. A ja samfur da sirinji ta murfin roba, a zuba kai tsaye cikin RNAprotect, ruwan da ke kare RNA, ko haɗin finol kashi 5 da itanol kashi 95 mai sanyi. Ƙanƙara ta kasance a kula tun kafin a fara, ba sai an ja a tafi nema ba. Bangon bakteriyar mai kauri ne, TRIzol, sinadarin ciro RNA, kaɗai ba ya fasa shi sosai, balle tsohon samfur na awa 48. Sai an haɗa da laisozayim mai narkar da bango ko ƙananan duwatsun mm 0.1. Ma'aunin tsabtar RNA na 260/280 ya ba da 2.0 bai isa shaida ba, RNA da ya dagargaje ma yana ba da haka. A ga layukan 23S da 16S, manyan RNA na ribozom, ƙarara a jel. In wuta ta ɗauke samfur ya narke ya sake daskarewa, a zubar. Lokacin hazo kuma a rufe tagogi, a canza safar hannu akai-akai.

Dakta mai kula da injin qPCR: Da me kake daidaita sakamakon, ɗana?

Ɗalibin: Da 16S, ranka ya daɗe.

Dakta: To nan ma akwai magana. 16S ya yi yawa ƙwarai, kuma yana jure lalacewar da mRNA, saƙon da kake aunawa, ba ya jurewa, sai ya nuna komai lafiya alhali abin da kake nema ya tafi. A gwada ƙwayoyin gadon fabZ da gyrA tare a madadinsa, a ga wanda Ct ɗinsa (adadin zagayen da inji ke yi kafin ya gano shi) bai motsa ba a zango biyun. Sannan DNase mai cinye ragowar DNA, da bututun da ba a sa masa RT, mai juya RNA zuwa DNA, ba. In Ct ɗin wannan bututun ya matso kusa da na samfur, DNA kake aunawa, shi kuwa ba ya tashi ba ya sauka. Ingancin firaima, gutsuren DNA da ke nuna wurin da za a ninka, ya faɗa tsakanin kashi 90 da 110. A saka ptb ko buk, ƙwayoyin gadon yin butirik, cikin jerin: a zangon asid dole su fito da ƙarfi, in su ma shiru, laifin na RNA ne.

Malama: Ƙanena, fara da PCR ɗin adc, shi ne mai arha, yini ɗaya ya isa. A kuma tabbatar irin da ke hannu 824 ne, don a 'yar uwarta C. beijerinckii waɗannan ƙwayoyin gadon kan kuromosom suke, firaimarsu ma daban.